Ranar da Muka Cire wa Jirgin Dakta Zuciya

Shekara ashirin da shida ina sauraren tarinsa,
tsohon injin dizal na jirgin Dakta Adunni.
Tun daga bakin gaɓa nakan san ciwonsa:
in ya yi gurnani, matata ce ta toshe,
in ya yi shessheƙa, iska ta shiga mai.
Ko uwar 'ya'yana ba ta san tarina ba
yadda na san nasa.

Ran Talata, ruwan Ikoyi ya janye,
laka na ƙarnin kifi da tsohon giris,
muka zagaya masa sarƙa.
Noti huɗu ke riƙe da shi.
Uku suka ba da kai.
Na huɗun, gishiri da tsatsa sun cinye wuyansa,
ya ce sai dai a yanka.
Na yanka. Ban dubi kowa ba.

Ya taso sama yana ɗigar baƙin mai
kamar sa a ƙugiyar mahautan Agege.
'Yan gwangwan suka ɗora shi a sikeli,
kilo ɗari da tamanin da ɗoriya.
Ashe ƙuruciyar mutum ma tana hawa sikeli.

Kwana uku ina wanke ramin da ya bari.
Can ƙasa, cikin dagwalo,
na tsinci sifanata mai lamba sha uku
da ta ɓace shekarar da aka haifi Balaraba.

Balarabar ce yanzu durƙushe a ramin,
da ilimin da ta ɗebo a Yaba,
jar waya a haƙori, baƙa a hannu.
"Baba, haska min nan."
Ni da ake riƙe wa tocila,
yau ni ne mai riƙon tocila.

Sabon injin bai kai turmi ba.
Ba hanci, ba salansa, ba inda zan sa kunne.
Batir takwas ta jera a gefe guda,
jirgi ya karkace kamar mai ciwon ƙugu.
Na ce, mayar da uku dama, ki sauke su ƙasa,
ruwa ba ya karanta takarda.
Ta mayar. Ya miƙe.
Ban yi murmushi ba, amma na so.

Dakta ta ce, awa nawa zai kai ni?
Huɗu, in kin bi shi a hankali,
rana ta ƙara miki abin da ta ga dama,
saura kuwa tsakaninki da iska.

Asabar da sassafe muka kwance igiya.
Balaraba ta tura ɗan hannun gaba.
Na tsaya jiran tari, jiran girgiza, jiran hayaƙi.
Shiru.
Na ce, bai tashi ba.
Ta ce, Baba, dubi gaɓa.
Gaɓa tana tafiya.

Sai na ji abin da na daɗe ban ji ba:
ruwa yana lasar cikin jirgi,
wata mai kwalekwale daga Makoko tana kiran kuɗin kifi,
gada can sama tana nishin motoci,
numfashin 'yata a kusa da kafaɗata.

Rabona da wannan ruwan tun Yawuri,
cikin jirgin ubana, kafin gari ya waye,
in na buɗe baki ya ɗan taɓa gwiwata:
kifi na ji.
Shirun nan na gudu na baro.
Ga shi ya biyo ni Ikko,
cikin batir takwas.

Da muka wuce manyan jiragen Apapa
Dakta ta ja filafili, iska ta cika shi,
Balaraba ta kashe inji.
Ban san lokacin ba.

Na shinshina tafin hannuna, da sauran warin dizal.
A kunnena na hagu kuma tsohon yana nan yana aiki.
Dakta ta ce irin wannan ƙarar ba ta warkewa.
Ai ban ce mata ina neman magani ba.