Rumbun da Ba Mu Gama Ginawa Ba

Daren Laraba a Dadin Kowa,
dam na can yana ruri da ruwansa,
mu a nan wuta ta ɗauke ba sallama
daidai lokacin da Lamela ke adana
sunayen manoman shinkafa ɗari uku da sha ɗaya,
da bashin taki, da wanda ya biya rabi.
Da wuta ta dawo, fayil ya wage baki,
ba komai ciki sai watsattsun alamomi,
kamar kaji sun bi ta kan shanyar gari.

Ta yi tagumi. Ni kuwa kunya ta rufe ni,
don ni na sa mata wannan manhaja,
ni na ce ta kowa ce, ba ta da ubangida,
aikin gayya ne, mai fartanya ya zo da tasa.

Kakana Barde maginin rumbu ne a Hinna.
Bai taɓa ɗora laka a kan ƙasa tsirara ba,
duwatsu tukuna, saboda gara da danshi,
sannan ya raba ciki, gero nan, wake can.
Yakan ce zubawa ba ita ce ajiya ba,
ajiya sai ranar da ka dawo nema.

To ga abin da muka ƙulla, mu 'yan gayya,
ni a nan, wani a inda dare ke yi ina karin kumallo,
ba mu taɓa haɗa hannu mun gaisa ba:
nan gaba inji ba zai goge tsohon rubutu ba
sai sabo ya zauna daram a mazauninsa,
kamar mai ƙaura da ba ya rushe tsohon ɗaki
sai ya ga damina a sabo, ya tabbata ba yoyo.
In wuta ta yi halinta a tsakiyar kalma,
aikin jiya na nan, ko ƙwarzane babu.

Kowane ƙunshi za a yi masa shaida,
'yar lamba, irin zanen da Goggo Adda
ke yi wa ƙwarya kafin ta ba da aro.
Ƙwayar da ta ruɓe a ɓoye cikin faifai
za ta tona kanta, a ɗauko tagwaininta
daga rumbu na biyu, a cike gurbi,
mai kaya na barci bai san an yi ɓarna ba.

Har za ka iya ce wa inji,
mayar da ni safiyar Litinin,
kafin yaron ofis ya danna abin da bai sani ba.
Da ana yi wa rai irin wannan,
da na koma ranar da Barde ya ce, zo in nuna maka,
na ce masa ina da jarrabawa.

Amma fa duk wannan shiri ne a takarda.
Ana ta gardama: wani ya ce zai yi wa tsohon inji nauyi,
wata ta ce a gyara tushe kafin a yi jinka.
Ni nawa rabon gwaji ne.
Na sami tsohuwar kwamfuta mai fanka kamar tarin tsoho,
ina fizge mata waya da gangan tana cikin rubutu.
Sau arba'in na fizge. Sau talatin da takwas ta tashi lafiya.
Biyun nan su ke hana ni barci.

Lamela ta kunna tocila, ta jawo babban littafi,
tana sake shigar da sunaye ɗaya bayan ɗaya.
Ta ce, rumbun naku yaushe za a gama?
Na ce bayan girbi, in Allah ya yarda.
Ta ce, girbin bana?
Kwaɗi suka amsa daga bakin fadama.
Ni dai na ce, kada ki yar da littafin tukuna.