Zare Guda

Mushe Rabe ya ja layi ɗaya a allo,
ya ce, "Wannan bai kai kaurin silin gashi ba,
amma zai cike fili,
har a rasa inda za a soka tsinin allura."
Aji ya kwashe da dariya. Har da ni.

Da la'asar na biyo ta Bagalam,
na iske Baba Nomau gindin bedi
yana cike aljihun riga da koren zare.
Allura ta nutse, ta ɓullo, ta karya kwana,
ta dawo dab da inda ta baro.
Na ce, "Baba, ya ciku?"
Ya ɗaga wa rana ƙyallen,
sai ga haske na yoyo ta ƴan kafofi.
"A ido dai," in ji shi.

Daren nan na raba murabba'i gida huɗu,
kowane gida na sake raba shi huɗu,
na bi su ɗaki-ɗaki ban ɗaga fensir ba.
Na sake rabawa. Na sake bi.
Kullum da sauran fari a takarda.
Bakin fensir ya mutu, fitila ta yi ja,
ladanin unguwarmu ya yi gyaran murya.
Can na gane:
layin Mushe ba ya cikin zagayen da hannu ke kaiwa,
yana inda dukkansu suka dosa.

Washegari ya zo da duma cikin buhu,
da gammon da ya aro wajen mai fura.
"Wannan ma, da wannan.
In dai abu a haɗe yake, a rufe,
bai miƙe har illa masha Allahu ba,
zare guda mai kai da gindi zai lulluɓe shi kaf,
bai tsinke ba, bai yi tsalle ba.
Sai dai akwai ladan gabe:
dole ya taka wani wuri sau biyu.
Makusanta a zare makusanta ne a ƙyalle,
amma maƙwabtan ƙyalle,
wani sai ka warware rabin ƙwarya
kafin ka kai daga wannan zuwa wancan."

Na tuna Baba Nomau da ƙanensa Tsahiru.
Katanga ɗaya ce tsakaninsu,
ɗaya na jin tarin ɗaya da asuba,
shekara sha ɗaya ba sallama,
kan wata gonar gyaɗa a hanyar Tibiri.

Na koma gindin bedi da takardata.
Ya duba, ya juya ta sama a ƙasa,
ya ce ɗinkin ba laifi, sai dai ba kala.
Na gaya masa zancen taka wuri sau biyu.
Bai tanka ba.
Ya kifa rigar, ya nuna mini bayanta,
inda zare ya hau zare, ƙulli kan ƙulli.
Ya lashi bakin zaren,
ya runtse ido ɗaya,
ya nemi kafar allura. Sau uku yana kuskure.