Ajiyar Sito na Tara

A Bur Sudan, inda gishiri ke cin kwaɗo kafin ɓarawo ya iso,
kakana Jatau ya yi gadin sito na tara
shekara talatin da ɗoriya.
Wata Laraba 'yan dako suka sauke akwati
a tsakiyar buhunan siminti, bisa kuskure,
jirgin kuwa ya yi gaba, bai waiwayo ba.

Haruffan jikinsa irin masu juya wa mutum baya ne.
Sai da wani matuƙi mai jan wuya
ya sha shayin Jatau kofi biyu
sannan ya karanta:
na jakadan Rasha ne, Sabilkin,
mai zama a wani tsibiri can ƙuryar Fasifik,
inda in muna alwalar Magariba
zakarunsu na shirin caran gobe.

Jatau ya biya mai rubutun wasiƙa a bakin gidan waya.
Amsa ta yi wata goma sha huɗu a hanya:
an kira Sabilkin gida, ka riƙe, za a aiko.

Haka muka san su, ɗaya bayan ɗaya,
ba fuska, ba murya, sai ja da baƙin tawada.
Na biyu mai rowar magana, layi biyu da hatimi.
Na uku kaɗaici ya kwance masa baki,
ya cika shafi uku da ruwan saman da ba ya jin bari,
da liyafar da ake gaishe shi da yatsu biyu,
da umarnin Masko mai isowa
bayan tuwon ya huce, an wanke tukunya.
Na huɗu ko uffan.
Jatau ya ce, wannan ko dai an kore shi
ko yana tsoron alƙalaminsa.
Na biyar tambaya ɗaya ya yi:
akwatin yana wari?

Sai wata shekara takarda ta zo
babu guduma, babu lauje a goshinta.
Mikiya ce mai kai biyu,
ɗaya na duban gabas, ɗaya yamma,
babu mai duban Jatau.
Ƙasar da ta aiko kayan nan, in ji su, ba ta nan.
Ka yi yadda ka ga dama.

Ya ninke ta huɗu, ya sa a gwangwanin madara
tare da 'yan uwanta, ya ce:
ni ba ƙasa ce ta ba ni ajiya ba,
Laraba ce, kuma Laraba tana nan.

Ai shi ma kaya ne da aka sauke a hanya.
Ubansa ya baro Kazaure da niyyar Makka,
guzuri ya ƙare a wannan gaɓa,
Jidda na tsallake, kwana ɗaya a ruwa,
kwana ɗayan ya haifi jikoki.

Bayan sadakar arba'in ɗinsa
ni na ɗauko guduma. Kwaɗon bai yi gardama ba.
Rigar sanyi ce mai gashi, nauyin ɗan maraƙi,
asu ya kafa gari a hammatarta.
Ganyen shayi da ya koma ƙasa.
Hoton wata mata tsaye a kan kogi,
a kansa, ba a bakinsa ba.
Sai takalman yaro, ƙafa biyu,
kowanne da wuƙa manne a tafinsa.

Rigar mun binne ta bayan katanga.
Takalman suna rataye a ƙusa, kusa da agogo,
tsatsa na hawan su a hankali.
Jiya 'yata Ladiyo ta tsaya ƙarƙashinsu,
bakinta duk kankana, ta ce:
Baba, wane irin mutum ne ke tafiya a kan wuƙa?

Na ce, jakada.
Ta ce, to ina ya je babu takalmi?