Tagar Ƙofa

Tagar da ke jikin ƙofarmu ba ta fi tafin hannu ba.
Ta nan nake ganin Legas:
rabin fuska, wuyan riga,
takalmi in na yi ɗage na leƙa ƙasa.
Shekara tara a Magodo, aikina ke nan,
in duba, in yanke, in zare sakata ko in bar ta.
Alƙali yana da watanni da shaidu.
Ni ƙiftawar ido aka ba ni.

Wata Talata, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
tsohuwa ta buga ƙofa da gindin lema.
Silifas kala biyu, ɗaya kore, ɗaya shuɗi,
buhu a ka, ƙarnin bandar kifi ya riga ta sallama.
Na ce, ba a talla a nan, Mama, ƙara gaba.
Ta yi Yarabanci, na yi Hausa,
ruwa ya yi nasa yaren a kan kwano.
Awa guda tana raɓe da katanga
kafin motar Oga Akinwale ta shawo kwana.
Mutumin da manajan banki ke miƙe wa tsaye
na ga ya fito ya kwanta rub-da-ciki a taɓo,
da kwat ɗinsa, da agogonsa,
a gaban silifas kala biyu.
Ashe da kuɗin kifin nan ya yi boko.

Ba ta sa an kore ni ba.
Ran da za ta koma Epe ta miƙo min kifi uku a jarida.
Ba ƙaya ce ta tsaya min a wuya ba.

Na ce daga yau ni da ido mun raba gari.

Bayan wata biyu sai ga wani,
rigar masu gyaran wuta ta yi masa yawa,
idonsa kamar ƙuda, ba ya zama wuri ɗaya.
Gabana ya faɗi.
Na tuna da tsohuwa, na tsawata wa zuciyata,
na buɗe, har na nuna masa bayan gida da hannuna.
Ya tafi da batirin janareto da wayar mai girki.
Wata huɗu ana yankar albashina.

To, wa zan bi?
An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Na tambaya.
Wata ta faɗi gaskiya,
wata ta yi shiru don ba ta jin yarena,
wata ta yi murmushi ta rantse a kan ƙarya.

Daga can waje kuma, me tagar ke nunawa?
Hula da ta sha rana, haƙoran goro,
rediyo a kafaɗa.
Aboki, buɗe. Aboki, rufe.
Ba wanda ya tambaya, amma Tanimu nake.
Shekara shida na koyar da lissafi a firamaren Gwaram
kafin albashi ya manta hanyar garinmu.
Ran nan Morenike, autar gida,
tana kuka a bakin famfo da littafinta,
na karɓa, na zana mata rabawa da gawayi a kan siminti.
Uwarta ta tsaya da makulli a hannu
tana kallona kamar akuya ta yi sallama.
Ban ji haushi sosai ba.
Na san kallon. Na taɓa yi wa wata cikin ruwa.

Yanzu dare ya raba, an ɗauke wuta,
sauro na zagaye kunnena,
wata danfo da ta makara na tari can kan titi.
An buga sau biyu.
Na haska tocila, na leƙa:
ido ɗaya yana kallon ido ɗaya.
Shi ma auna ni yake.

Hannuna na kan sakata.
Na ce, wane ne?
Na kashe tocilar,
na tsaya in ji muryar.