Rigar Sanyi daga Dila

Yau aka kwance dila a Sabon Gari,
na tsuguna gaban gwanjon Ɗanjummai.
Jar nan ta yi kyau, amma shara-shara ce,
iskar asuba a Kwangila ba ruwanta da ado.

Na matsa wata ruwan toka,
ta taso kamar burodin safe.
Zif ya cije sau ɗaya, ya wuce.
Na miƙa hannu kamar na riƙe kan babur,
ba ta bar ƙuguna a waje ba.

A aljihunta, tsohon tikitin jirgin ƙasa,
rubutun da ban iya karantawa.
Mai ita ya ga sanyin da ya fi nawa.

"Dubu bakwai."
"Albarka," in ji shi,
yana ninke ta cikin leda.