Katangar da Ta Faɗi Daren Jajibere

A Dakace, inda Galma ke cika ta batse,
Layya ta riske mu tsakiyar damina.

Masara ta kai gwiwa, ciyawa ta fi ta sauri.
Baba Nomau kan fita tun assalatu,
fartanya a kafaɗa, goro a kunci,
ya dawo da laka har ƙwauri,
ya ɗaga kai ya dubi gabas ya ce,
"Yau ma a jiƙe za mu kwana."

Ɗakin Inna na yoyo wuri uku.
Ta tara kwano, ta tara tasa, ta tara tukunyar miya,
kowanne da irin kukansa,
mu kuwa muna ƙudundune a tabarma
muna gardamar wanda zai ci hanta,
ragon na tari a rumfa, shi ma sanyi ya hana shi zama,
ragon da Talle ya goya tun yana ɗan mitsitsi
har ya raɗa masa suna.

Lallen Tasalla ya ƙi kamawa.
Gambo ya tuƙa keke har Tudun Wada wurin tela,
ya dawo da riguna cikin leda,
wandona babu kalmasa,
hular Baba an ce sai wata rana.

Tsakaninmu da gidan Jatau katanga ce guda,
da shekara uku babu sallama,
a kan ɗorawa ɗaya tak da ta tsaya a iyaka,
saiwarta a tamu, inuwarta a tasu gona.

Daren jajibere aka kece.
Can tsakar dare muka ji rugum,
Inna ta yi salati, kaji suka watse,
Baba ya haska tocila ya daɗe a tsaye,
ya dawo bai ce uffan ba ya zauna.

Da gari ya waye, ga tsakar gidansu a fili:
turmi a kife, igiyar shanya a ƙasa,
Barmani durƙushe gaban murhu
tana hura jiƙaƙƙen ice, idonta ja wur,
hayaƙi ya ƙi zama wuta.
Inna ba ta nemi izinin kowa ba.
Ta ɗebo garwashi a tsingaro,
ta ɗauki kara busasshe daga gindin rumbu,
ta tattare zane ta taka ɓaraguzan,
ta ce, "Barka da Sallah. Yaya ruwan jiya?"
kamar jiya suka rabu suna dariya,
kamar babu abin da za a tuna.

Filin idi ya zama tafki, a masallaci aka yi,
kafaɗa na gugar kafaɗa, riguna na tururi.
Jatau ba shi da rago bana,
ya sayar ya sayi taki, kowa ya sani.
Baba ya kayar da namu, wuƙa a hannu,
Talle ya ɓuya bayan rumbu yana shessheƙa,
Gambo ya kasa riƙe ƙafafu.
Baba ya yi gyaran murya, bai waiwaya ba,
ya ce, "Wai ba ka ganin yana shure-shure?"
Jatau ya naɗe hannun riga ya tsallako.
Duk unguwar babu mai fiɗa irin tasa,
fata ta fita sumul, ko huda ɗaya babu,
ya shimfiɗa ta a kan tubalin da ya rage
yana jiran rana.

Ranar ba ta fito ba.
Aka soye naman duka a kasko biyu,
cinya ta tsallaka can, yajin Barmani ya tsallako nan.
Talle ya rantse ba zai ci ba,
da magariba na gan shi da maiƙo a haɓa.

Bayan Sallah Gambo ya ce a kwaɓa ƙasa.
Baba ya ce gini ba ya bushewa da damina.
Aka kafa zana, aka bar ɗan gibi wajen murhu.
Kaka ta zo, rani ya zo ya wuce,
ɗorawar ta yi 'ya'ya, suka sake musu a kanta,
da dare Barmani ta miƙo kalwa ta gibin,
Inna ta ce in kawo kwano in karɓa mana.