Yatsa na Shida

Sun zo da mota biyu ran kasuwar Aujara,
suna cigiyar wanda ya san Cindo mai garaya.
Aka nuno ni ina gyaran danga.
Shekara talatin ni ke kaɗa masa caki.

Na ba su labari har inuwa ta juya,
yaron na rubutu yana gyaɗa kai.
Na ce Cindo mai i'ina ne,
sai ya rungumi garaya harshensa ke warwarewa.
Na ce ya ci ƙosan Tabawa bashi
har ƙasa ta rufe masa ido bai biya ba.
Na ce ran da fage bai cika ba
a kaina yake hucewa.
Daga nan yaron ya rufe bironsa.

Bayan kaka biyu suka dawo.
Aka kafe farin ƙyalle a bangon firamare,
janareta na tari kamar tsohon bunsuru,
gari ya kwaso tabarmi.

Sai ga Cindonsu: dogo, sumul,
haƙora kamar an ɓare auduga,
riga ko faci babu,
magana na zuba kamar ruwan indararo.
Wai tun yana goye yake miƙa hannu ga tsirkiya.
Namu kuwa sai da kiwo ya gagare shi,
ya ɓatar da tumakin kawunsa bakwai,
kunya ta kore shi wajen makaɗa.

Suka ɗinka masa magabci mai jan ido,
mai binne laya a bakin ƙofa.
Ni dai magabtan da na sani biyu ne:
ciwon haƙori,
da shekarar da gero ya ƙi, biki ya ɗauke ƙafa.

Hansai, ƙanwarsa, ta zungure ni da gwiwar hannu:
"Malam Nadabo, wannan ɗan wane gida ne?"

Da hoton ya matso kan hannu na ƙirga.
Biyar.
To ina ɗan ƙaramin, na shida,
wanda ke reto gefen ɗan autan yatsu,
yana taɓa fata, ƙwas, bayan kowace gaɓa?
A kansa nake ɗora cakina.
Don shi aka sa masa suna.

Na yunƙura zan naɗe tabarma
sai tsirkiya ta tsinke wa yaron.
Na tabbata ba shiri ba ne, mantawa suka yi ba su yanke ba.
Ya ja tsaki, ya ciji bakin tsirkiyar,
ya saci kallon mutane ta wutsiyar ido
kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.
Fili ya yi tsit.
Hansai ta ja mayafi ta rufe fuska.
Numfashi uku, ba ƙari,
Cindo ya zo ya zauna da mu.

Da aka watse mai fim ya tare ni,
yana murmushin jiran yabo.
Na ce, "Ɗana, tuwo ya yi laushi,
amma ƙanzon kuka zubar,
mu kuwa shi muka zo ci."
Ya yi dariya, bai gane ba, ya ba ni dubu biyu.

A hanya jikar Tabawa ta sha gabana da tocila:
"Baba, ban ji an ambaci bashin kakata ba."
Na miƙa mata dubu ɗaya.
Ɗayar na riƙe,
ni ma yana da nawa a wuyansa.